Shekarar da Na Roƙi a Ƙara Mini Haraji

Mijina ne ke cika takardun haraji tun da muka zo Greensboro. Ni iyakar abin da na sani, in sanyi ya fara ja da baya zai zauna ya baje takardu a tebur, ya nuna mini inda zan sa hannu, in sa. A Maraɗi lampo muke cewa, kuma mutum ne ke biyo ka kasuwa ya karɓa, ya yago maka tikiti. A nan kuwa kai za ka faɗa wa gwamnati abin da ka samu da bakinka, ita ta duba ta yarda ko ta ƙi.

Mijina ne ya ci cacar biza. Kuɗin da muka haɗa, har da na filin da ya sayar, mutum biyu kawai suka ɗauka. Sai muka bar 'yan matanmu biyu wurin Innata, da niyyar in mun zauna da gindinmu mu aika a kawo su. Ba wanda ya gaya mana damar da aka ba su tare da mu tana da wa'adi, sai bayan ta wuce. Aka ce sai dai a nema musu daga farko, a bi layi. Muna cikin tara kuɗin lauya mijina ya faɗi a masaƙar da yake aiki. Hawan jini ne. Bai daɗe a asibiti ba ya cika, jama'armu suka yi karo-karo aka rufe shi a nan. Da na fita takaba na shigar da takardun yaran da sunana, da kuɗin gaisuwar da ya rage.

Kitso na iya, shi na kama. Akwai wata Hajiya 'yar Damagaram mai shagon kitso a East Greensboro, kusa da jami'a, ta ba ni kujera haya. Ba albashi take biyana ba. Abin da na kitsa nawa ne, in ba ta kuɗin kujera duk mako, in sayi gashina da maina da kaina. Yawancin masu zuwa 'yan jami'a ne da matan da ke shirin zuwa coci ranar Lahadi. Kai ɗaya yakan ci mini rabin yini a tsaye.

Da lokacin haraji ya zo Hajiya ta ce in tattaro duk wata takarda da nake da ita, ta kai ni wurin wani Malam ɗan Kano da ya zo karatun lissafin kuɗi. Yana da ɗan tebur a bayan kantin da ake sayar da kayan abincinmu, tsakanin buhunan shinkafa da kwalayen busasshen kifi. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya gaggawa. Na zube masa abin da na kawo. Mafi yawa takardun aika kuɗi gida ne, domin su na fi adanawa.

Ya ɗaga ɗaya ya ce, "Yaya, wannan fa?"

"Na abincin yara ne da Innata."

"Wannan kuma?"

"Kuɗin lakkwal ne, makarantar babbar. Waccan ta lokacin da aka yi wa Inna aikin ido ce."

Ya jera su gefe guda a hankali, ya danne da tafin hannu. Ya ce duk waɗannan ba sa shiga. Na ce ai na ji ana cewa mai 'ya'ya ana rage masa haraji, har a maido masa da kuɗi. Ya ce gaskiya ne, amma sai 'ya'yan suna nan ƙasar. Nawa ba su taɓa taka ta ba, don haka takarda ba ta san da su ba. Haka Inna. Haka zakkar da na aika wa wata gurguwa a unguwarmu, tunda hannu da hannu aka ba ta, ba ƙungiya mai rajista ba.

Na ce, "To a takardar nan ni wace ce?"

Ya ce, "Ke kaɗai ce, Yaya. Ba ki da kowa a wuyanki."

Hajiya ta yi tsaki ta kau da kai. Shi kuwa ya ce kada in karaya, akwai wata ƙofar. Tunda sana'ar kaina nake yi, duk abin da na kashe don sana'ar ana cire shi daga abin da na samu, a kan ragowar ake yanka haraji. Kuɗin kujera, gashin ƙari, mai, mataji, safar hannu, har wani kaso na kuɗin waya tunda da ita kwastomomi ke nemana. Ya tambayi rasit ɗinsu. Na ce ai waɗannan a kwandon shara nake zubawa. Ya yi ɗan murmushi ya ce waɗanda nake zubarwa su ne masu amfani. Hajiya ta rubuta mini shaidar kuɗin kujera, mai kantin gashi ya duba littafinsa ya ba ni abin da ya samu. Da Malam ya gama cirewa harajin ya dawo ɗan kaɗan, abin da zan iya biya ba tare da na taɓa kuɗin gida ba.

Na fita ina sa masa albarka. Daga ranar ko allura na saya sai na karɓi rasit. Shekarar da ta biyo na kai masa su a tsare, ya yaba mini, ya ce da kowa haka yake yi da aikinsa ya yi sauƙi. Har alfahari nake a shago, ina koya wa sauran mata abin da ake cirewa da abin da ba a cirewa.

Lauyar da ke riƙe da takardun yarana tana da ofis a cikin gari, ɗan taku kaɗan daga Elm Street. Wata rana ta aiko in zo da takardun harajina, tana so ta ga inda muke tun kafin layi ya iso. Na hau bas zuwa babbar tasha, Hajiya ta same ni can don ta yi mini tafinta, saboda Turancina na shago ne, na gaisuwa da ciniki. Lauyar ta buɗe takardun, ba ta karanta komai ba sai layi ɗaya. Ta ɗora biro a kansa, ta yi magana mai tsawo. Na ga fuskar Hajiya ta sauya.

"Me ta ce?"

"Ta ce ranar da layi ya iso, sai kin nuna kina da samun da zai riƙe mutum uku, ke da su biyun. Akwai iyakar da gwamnati ta sa. Kuma wannan layin suke dubawa, abin da ya rage bayan an cire."

"To ai ina riƙe da su. Shekara nawa ina riƙe da su?"

"Ta ce a takarda ko ke kaɗai da ƙyar kike riƙe kanki."

Na ce ta gaya mata abin da ke shigowa hannuna ya fi haka nesa ba kusa ba. Lauyar ta ce ta yarda, amma ni da kaina na sa hannu cewa wannan ne ribata. Ta ce hanya biyu ce: ko samuna ya ɗaga, ko in samo wani mai takardun zama da samu mai kauri ya tsaya mini. Ta ƙara da cewa in na zama 'yar ƙasa layin zai gajarta ƙwarai. Wannan na gwada daga baya. Na haddace amsoshin tambayoyin jarrabawar kamar karatun allo, amma da jami'in ya saki takarda ya fara yi mini hira sai kaina ya ɗaure, na faɗi. Na koma na sake faɗuwa, kuɗin suka tafi.

Daga ofishin lauyar na hau bas ɗin komawa. Abin da ke juya mini a rai shi ne, wurin haraji an ce yaran nan ba sa cikin lissafi, wurin biza kuma su ne lissafin.

Da shekara ta zagayo na je wurin Malam hannu rabbana. Ya tambayi rasit, na ce na bar su gida.

"Ki je ki ɗauko, zan jira."

"Ba na so a cire komai bana."

Ya cire tabarau ya dube ni. Na kwashe yadda muka yi da lauya na gaya masa. Ya ce tun da ya fara aikin nan mutane ke roƙonsa ya rage musu, wasu har su ce ya ara musu ɗan wani, ni ce ta farko da ta zo neman ƙari. Ya ce a ƙa'ida abin da aka samu da abin da aka kashe duka ake rubutawa, kuma kuɗin kujera dole ya shiga tunda Hajiya na rubuta shi a nata. Sauran kuwa, in ban kawo rasit ba, ba shi da abin da zai rubuta.

"Amma Yaya, kin san abin da zai biyo baya? Mai sana'ar kansa haraji biyu yake biya, na samu da na tsufa. Ba wanda ya riƙe miki komai a cikin shekara. Gaba ɗaya zai faɗo miki."

Na ce ya buga mu gani. Ya buga, ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Na kalli adadin. Ya kai abin da nake aikawa gida a watanni da yawa. Na tambaye shi layin da lauya ke dubawa ya haye iyakar? Ya ce ya haye da ɗan kaɗan. Na ce ya ba ni biro.

Ya nema mini a bar ni in riƙa biya wata-wata, aka yarda, da ɗan ruwa a kai. Ruwan nan ya dame ni, na tambayi limaminmu, ya ce larura ce, Allah Ya ga zuciyata. Na saki ɗakin da muka zauna da mijina na koma wani ƙaramin ɗaki a gidan Hajiya. Na daina hutun Litinin. Yatsuna suka fara kumbura, da safe sai na jiƙa su a ruwan zafi kafin su lanƙwasu. Duk da haka sai da na rage abin da nake aikawa gida.

Inna ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. In na kira da katin waya sai ta ce lafiya lau, hatsi ya yi tsada amma ana ci. Daga bakin ƙaramar na ji cewa an cire yayarta daga makarantar kuɗi an mai da ita ta gwamnati, kuma Inna ta sayar da tumakinta biyu. Na ce a ba ni babbar. 'Yar fari ce, ba na kama sunanta, ko a waya sai dai in ce "ke". Na yi mata bayanin duk abin da ake ciki, cewa wannan matsin na ɗan lokaci ne, don su zo ne.

Ta ce, "To Mama. Yaushe ne?"

Na ce lauya ta ce an kusa.

Ta ce, "Bara ma haka kika ce."

Ba da rashin kunya ta faɗa ba. A hankali ta faɗa, kamar mai tuna mini abin da na manta.

Layi bai iso a shekarar ba. Na sake yin yadda na yi, ban gama biyan na baya ba na ɗora sabo. Lauya ta duba ta ce madalla, in ci gaba a haka. Kowane wata Hajiya na sa a duba mini inda layi ya tsaya. Wani watan ya matsa da mako biyu, wani watan bai motsa ba.

Sai ga shekarar da komai ya lalace. Masaƙu dama sun daɗe suna rufewa ɗaya bayan ɗaya, yanzu kuma bankuna suka shiga ƙwace gidaje. A titinmu kaɗai gidaje da yawa aka kafa wa allon sayarwa. Macen da ke zuwa duk wata sai ta bar kitso ya yi wata uku a kanta, ta zo ta ce in gyara mata gaban kawai. 'Yan jami'a suka koma yi wa juna a ɗakunansu. Mukan zauna mu huɗu a shago daga safe har azahar muna kallon ƙofa, in mutum ɗaya ya shigo kowa ta sunkuyar da kai don kada a ga kwaɗayinta. Hajiya ta rage mana kuɗin kujera, ita ma haya na binta.

Da na je wurin Malam a ƙarshen wannan shekarar ya buga lissafin sau biyu. Ya ce ko kuɗin kujerar ma aka bari ba a cire ba, ba zan kai iyakar ba. Wata mata da ke jiran layi a bayana ta sa baki, ta ce ai sai a rubuta abin da ban samu ba, wa zai sani, tunda kuɗin kitso a hannu ake biya. Malam ya ce shi ba ya rubuta abin da babu. Ya ce ko ya rubuta, da me zan biya harajinsa, ga na shekara biyu ban gama ba? Ban yi masa musu ba. Na san gaskiya ya faɗa.

Bayan wannan da 'yan watanni wasiƙa ta zo cewa layin yarana ya iso. Na yi shekara da shekaru ina jiran wannan takarda. Lauya ta ce takardar harajin shekarar ƙarshe suka fi dubawa, da abin da nake samu a yanzu. Na ce shekaru biyun da na biya fa? Ta ce za ta haɗa da su, amma ba za su ɗauki nauyin ba. Sai an samo mai tsaya mini.

Wanda na fara tunawa shi ne wani Alhaji abokin mijina, ɗan garinmu, wanda ya yi masa wanka da hannunsa. Tasi yake ja, yana zaune a McLeansville, can bayan gari inda gidaje ke warwatse cikin gonaki kuma bas ba ya zuwa. Hajiya ta kai ni a motarta wata Lahadi. Matarsa ta dama mana fura, muka gaisa, aka yi wa mamaci addu'a. Da na faɗi abin da ya kawo ni bai bari na ƙarasa ba.

"Matar ƙanena, 'ya'yan nan nawa ne. In sa hannu ne, kawo in sa yanzu."

Na ji hawaye sun taho mini. Hajiya ta ce sai an ga takardar harajinsa tukuna. Ya shiga ciki ya ɗauko, ta buɗe ta nemi layin. Ta daɗe tana kallonsa. Alhaji na cire kuɗin kowace tafiya da motarsa ta yi, da hayar rediyon kamfanin tasi, da duk abin da doka ta yarda masa, kamar yadda kowane direba ke yi. Abin da ya rage bai kai nawa ba ma, ga shi da 'ya'ya biyar a gida. Da aka yi masa bayani ya riƙe takardar yana juya ta.

Ya ce, "Wallahi da na sani da ban cire ba."

Na ce, "Da ka bar naka da yunwa, Alhaji. Ba laifinka ba ne."

Ya rako mu har mota, ya cusa mini kuɗi a hannu, na ƙi, ya rantse sai na karɓa.

Haka na bi mutanenmu gida-gida. Direbobi duk labarinsu ɗaya da na Alhaji. Masu aikin kamfani rabi an sallame su, rabi sun riga sun tsaya wa nasu. Malam mai lissafi ya ce da yana da takardun zama da ya yi mini, amma bizar karatu ce gare shi. Ya haɗa ni da wani malamin jami'a, mutumin kirki, wanda ya karɓe ni a ofishinsa da mutunci, ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce sa hannun nan ba shaida ba ce kawai, alkawari ne da gwamnati na shekaru masu yawa, in yaran suka shiga wani hali shi za a nema, kuma bai san ni ba sai yau. Ya ce zai yi shawara da iyalinsa. Na gane amsar tun a nan, ban kuma ji haushinsa ba.

Ina cikin wannan yawon Inna ta ce in kira, akwai magana. Wani malamin makaranta ya fito neman babbar, ita ma tana sonsa, sun daɗe suna fahimtar juna. Inna ta ce yarinya ta girma, ƙawayenta duk sun yi ɗaki, ita kuma ƙarfinta ya ƙare. Na san daga bakin lauya cewa ranar da aka ɗaura mata aure takardarta ta mutu, domin mai katin zama irina ba ya kawo ɗan da ya yi aure. Na ce a ba ni ita, na gaya mata haka ƙarara.

Ta ce, "Mama, in na fasa, kin samu wanda zai sa hannun?"

Na ce ban samu ba tukuna.

Katin wayar yana ta cin kuɗi. Daga baya na ce Allah Ya sa albarka, Ya ba su zaman lafiya. Aka ɗaura aure bayan sallar layya. Ban je ba. Kuɗin jirgi su na aika aka yi mata gado da kwanuka, na ga bikin a faifan da wani ya taho da shi.

Ƙaramar ta rage. Lauya ta ce a riƙa aika wasiƙa duk shekara don kada a rufe fayil ɗin, ko Allah Zai kawo sauƙi. Na biya aka aika sau ɗaya. Kasuwa ba ta farfaɗo ba, hannuna kuma ya ƙara lalacewa, kai biyu a rana ya gagare ni. Da na kira na ce mata ta ƙara haƙuri, sai ta ce ta ci jarrabawar shiga makarantar ungozoma, kuma yanzu da yayarta ta tafi ba wanda zai zauna da Inna in ba ita ba.

"Ki bar wahalar nan haka, Mama. Kuɗin lauyan ki riƙa turo mini na makaranta."

Tana ƙarama ƙwarai na baro ta, ko wankan kanta ba ta iya ba. Muryar da ke mini magana ta babbar mace ce, da a hanya na ji ta ba zan ce 'yata ba ce. Na ce to. Washegari na sa Hajiya ta kira ofishin lauya ta ce a dakata.

Bashin harajin shekaru biyun nan sai da na ƙara shekara uku ina biyansa. Duk farkon wata in je gidan waya in sayi takardar kuɗi, in rubuta lambata ta haraji a kai, in jefa a akwati, in tsaya a bakin titi in jira bas ɗin shago.